Abin Da Suka Nuna Daban, Abin Da Suka Sayar Daban

Jama'a, a daina kare kamfanonin gem da cewa wai bidiyon da suke nunawa kafin wasa ya fito gwaji ne kawai. Gwajin da ake karɓar kuɗin mutane a kansa, sunansa talla.

A 2012 Ubisoft ta nuna Watch Dogs a bikin E3. Ruwan sama yana sheƙi a titunan Chicago, ga hayaƙi, ga fitilun motoci, kowa ya saki baki. Da wasan ya fito a watan Mayun 2014, sai ga shi duk ya koɗe. Abin haushin, ba a yi wata guda ba wani mai tonon fayiloli ya gano wasu daga cikin kayan adon nan suna kwance a cikin wasan na kwamfuta, kashe su kawai aka yi. Ubisoft ta ce suna dagula wasan ne. To, mun ji. Me ya hana a faɗa tun kafin mutane su biya?

Aliens: Colonial Marines na 2013 ya fi muni, don har kotu aka je, Sega ta amince ta biya dala miliyan 1.25 a sasanta.

Ba yankewar ce ke ba ni haushi ba. Kowane gem sai an zubar da wani abu kafin a gama shi, lokaci da ƙarfin na'ura ba sa ɗaukar komai. Amma in ka yanke, ka sauke tsohon bidiyon, ka nuna mana abin da ya rage, sannan ka buɗe wurin biyan kuɗi.