Filin Mata: Ciwon Jelar Kifin Ado

Wata uwargida daga Ƙofar Kaura ta aiko da tambaya a kan kifin adon nan da a ke kira beta, wanda maigida ya sayo wa yara cikin tulun gilashi. Ta ce jelarsa tana zagwanyewa, gefenta ya yi baƙi kamar wuta ta lasa.

To, uwargida, ruwa ba ya tsami banza. Kashin kifin da ragowar abinci su ke ɓata ruwan, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Sanyi kuma ya kan raunana shi, gama asalinsa daga Tailan ne, ƙasa mai ɗumi. Da hunturu ki kau da shi daga bakin taga.

Ga magani. Bayan kowane kwana 2 ki kwashe rabin ruwan, ki zuba sabo. In na famfo ne, sai ya kwana a buɗe cikin bokiti don kulorin ya fice. Cikin kowace lita 4 ta sabon ruwa ki narkar da ƙaramin cokali 1 na gishiri zalla, amma kada gishirin ya wuce kwana 10. Kada sabulu ya taɓa tulun. Abinci kaɗan safe da yamma ya isa.

In kin ga sabon tsiro mai haske a gefen jela, sauƙi ya samu. In ciwon ya kai ga jiki, sai likitan dabbobi.

Ki nuna wa yara cewa wanda ya tsare mai rai, hakkinsa na wuyansa. Sai mako mai zuwa.