Arha Ba Ta Ado: Wutar Lantarki da Masu Sana'a a Zango

A watan Afrilu na 1924 ba mu da lantarki, ba mu kuma da bashinsa. Bayan shekara ɗari cif, watau a Afrilun 2024, hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin wutar sa'a 20 a rana. Aka ce da sauran rukunai su kwantar da hankali, ƙarin bai shafe su ba. To, amma rukuni na ƙarshe sa'a huɗu kacal aka yi masa alkawari.

Ni a ganina wannan arha ta takarda ce kawai. Mai injin niƙa a Zango, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, ba takardar KEDCO ke karya su ba. Abin da ke cinye jarinsu shi ne man janareta na sa'o'in da babu wuta, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023. Ashe wanda ya fi kowa ƙarancin wuta shi ya fi kowa sayenta da tsada.

Sa'an nan wutar daga nesa take zuwa. A Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo ta Arewa suka lalace, jihohi da dama sun fi mako guda cikin duhu. Alhali kuwa ranar da ke ƙona mu a ƙasar Daura dukiya ce da ba ta bukatar dogon layi.

A 2021, a birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta kawo ƙarshen ƙara wa sararin sama hayaƙi nan da 2060. Yaya za a cika wannan alhali kowace rumfa da janaretanta?

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Saboda haka ya kamata gwamnatin Katsina ta fara da kasuwannin karkara: ƙananan tashoshin hasken rana, da mita ga kowane shago, da farashi bayyananne. Sai dai a tuna da injinan iska na Lambar Rimi, waɗanda suka daɗe a tsaye kafin a ci moriyarsu. Kafa abu daban, riƙonsa daban.

Ya 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, gobe fayilolin nan teburinku za su zo. In sun zo, kada ku tsaya a tambayar nawa ne yunit. Ku tambaya: sa'a nawa mai niƙa ya samu?