Waƙar zamani: Wa ke biya, wa ke zaɓen abin da za a rera?

Daga kasuwar Garwa har zuwa rumfunan masu bandar kifin Mbakaou a Tibati, ƙorafi ɗaya muke ji a bakin dattawan 'yan kasuwa, wai mawaƙan yanzu sun sayar da fasaharsu, babu abin da ya rage sai fiyano da kirarin masu kuɗi. Akwai gaskiya a maganar, amma muna ganin ba a nan gizo ke saƙar ba.

Idan mai karatu bai manta ba, waƙar Hausa ba ta taɓa zama kyauta ba. Narambaɗa mawaƙin Sarkin Gobir na Isa ne, a fada yake ci yake sha. Ɗan Anace ya yi suna ne da wasa ɗan dambe Shago. Shi kuwa Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, attajirai da sarakuna da direbobi duk ya wasa su, kuma motoci da riguna ya karɓa, ba addu'a kaɗai ba. Har gobe masu algaita da kakaki a fadar Lamiɗon Tibati da ta Garwa da alherin fada suke rayuwa. To, me ya bambanta su da na yau? Shata yana da iyayen gida da yawa, ga dandali, ga gidajen rediyo, ga kaset. Wanda ya ɓata masa, sai ya juya kalangu wajen wani, wani lokacin ma ya bi shi da zambo. Ɗan Maraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi wa karen mota waƙa, alhali karen mota ba shi da abin ba shi. Talaka mai sayen kaset ne ya biya wannan waƙar.

Wannan talakan shi ne ubangidan da aka rasa. Bayan fitowar fim ɗin Sangaya a Kano a 1999, waƙar fim ta zama haja mai tsada. Fiyanon Yamaha ya maye gurbin makaɗa goma, aka riƙa ɗauko karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu Hausa, domin dillalan Ƙofar Wambai sun gane fim marar rawa da waƙa kwantai yake yi. Malamai suka yi ca, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, har aka ɗaure Adam A. Zango a 2007. Duk da haka, a wancan lokacin mawaƙi yana da kasuwa. Kaset da faifai suna tasowa daga Kano, su bi ta Mubi da Yola, su shigo Garwa da Ngaundere, kowa ya sami ɗan rabonsa.

Sai satar fasaha ta shigo, kuma a nan dole mu faɗa wa juna gaskiya, domin a kasuwanninmu na bakin iyaka aka fi baje kolin faifan bogi. Daga baya masu turi suka zo da kwamfuta, a cika wa mutum waya da waƙa ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, wanda ya rera kuwa ko sisi. YouTube yana biya, amma tallan da ake ɗorawa a kan masu kallo daga yankinmu arha ne ƙwarai in an kwatanta da na Turai ko Amurka.

Da mai saye ya ɓace, mutum biyu suka rage: ɗan siyasa da mai biki. Dauda Kahutu Rarara ya yi tashe da waƙoƙin Buhari tun zaɓen 2015. A 2020 ya nemi masoyan Buhari kowa ya turo masa naira 1,000 kafin ya saki sabuwar waƙa, mutane suka yi ta surutu, alhali abin da mai sayen kaset ke yi ne a da, sai dai wannan karon kuɗin yabo ne. A 2023 ya koma waƙar Tinubu, kuma a shekarar ya fito yana sukar Buharin. Ba mu ce ya fi sauran laifi ba, ya dai fi su iya ciniki.

A ɓangarenmu na Kamaru lamarin ya fi tsanani, saboda kasuwar ƙarama ce. Marigayi Ali Baba ɗan Garwa da ƙungiyar Faadah Kawtal ta Isnebo, sun nuna ana iya shigar da kiɗan arewa cikin kayan zamani ba tare da ya zama na aro ba. Amma yaron da ke tasowa yau a Tibati yana tsakanin kiɗan Duwala da Yawunde a gefe guda, da na Kano a ɗaya gefen, kuma mai ɗaukar nauyin situdiyo yakan ce a yi masa irin wadda ke tashe, a kuma jera sunansa da na 'ya'yansa. Tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuwa, bikin da ake liƙi da sefa ya ƙara daraja a idon mawaƙin Nijeriya, don haka ko a bikin garinsu ɗan gida da baƙo yake takara.