A Fara Da Littafi, Silima Ta Biyo Baya

Akwai wata gardama da kan tashi idan 'yan Arewa mazauna Kudu suka kafa ƙungiyar karatu, ko a Agege ne, ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko ta Shagamu. Da zarar wani ya kawo shawarar a karanta littafin zane, watau irin wanda ake ba da labari hoto bayan hoto da maganganun mutane a rubuce bisa kawunansu, sai dattawa su ɓata rai, su ce wannan ai wasan yara ne. Su kuwa samari tasu hanyar ta fi gajarta. In dai an yi silimar labarin, to, me ya yi zafi? A kunna ta a waya, cikin awa biyu an gama. Duka ɓangarorin biyu sun kauce, amma kaucewar samarin ta fi ɓarna.

Maganar dattawa ba ta da wuyar warwarewa, domin da yawansu da irin wannan karatu suka tashi. Tun daga 1968 kamfanin Drum ya riƙa fid da mujallar nan African Film, mai labarin Lance Spearman, ɗan kwalisar nan mai kwat da malafa, da abokin gabarsa Rabon Zollo. Hotuna ne aka jera da 'yan kalmomi a kai, kuma daga Ikko har Kano hannu zuwa hannu ake yi da ita sai ta yage. A 1976 Wale Adenuga ya fito da Ikebe Super a nan Ikko, inda Papa Ajasco ya fara rayuwarsa a takarda kafin ya shiga silima da talbijin. Mutane nawa ne Turancinsu ya zauna ta wannan hanya? Wanda ya sha daga rijiya bai kamata ya hana na baya guga ba.

Abin da ya sa littafin zane ya dace da zaman ƙungiya kuwa shi ne yadda aka gina shi. A hoto na farko ga mutum ya ɗaga sanda. A na biyu ga tulu a fashe, ruwa yana malala. Ba a nuna dukan ba, mai karatu ne ya fasa tulun a cikin kansa. Wannan ɗan farin fili da ke tsakanin hoto da hoto, nan ne aikin mai karatu yake, nan ne kuma gardama mai amfani take fitowa, don wani zai ce da gangan aka fasa, wani ya ce tsautsayi ne. Kowa zai iya ɗora yatsa a kan hoto guda, a dubi fuskar mutumin, a dubi wanda ya raɓe a bayan ƙofa, a koma shafin baya a tabbatar. Mai karatu shi ke da linzami. A silima kuwa linzamin yana hannun wanda ya shirya ta. Shi ya zaɓi muryar kowa, shi ya sa kiɗan da zai gaya wa zuciya lokacin tausayi da lokacin tsoro, kuma ba ya jiran kowa. Wanda ya fara da kallo, in ya zo ga littafi daga baya, fuskar ɗan wasa ce kawai zai riƙa gani.

Ga 'yan Arewa da ke nan Kudu, batun ya wuce na nishaɗi. An kafa Sabo ta Badun tun 1916, saboda haka akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su. Yaron irin wannan gida yana jin Hausa a tsakar gida, Yarbanci a bakin titi, Turanci a makarantar boko, Larabci a makarantar allo. Hausar bakinsa ba laifi, amma a miƙa masa shafi cike da rubutun Hausa a ga yadda zai yi ta tuntuɓe. Silimar Kano ba za ta gyara wannan ba, don kunne take ciyarwa, shi kuwa ido ne ke jin yunwa. Littafin zane shi ne ke ba shi kalma biyar ko shida a lokaci guda, hoto kuma na riƙe da hannunsa har ya ƙetare.

Ba wai a yi watsi da silima ba ne. A dai sa ta a inda ya dace, watau zama na biyu, bayan kowa ya karanta. Sa'an nan a daina ɓata dare wajen lissafin abin da aka yanke, a tambayi dalilin yankewar. Misali mafi kusa shi ne Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Ba littafin zane ba ne, amma yana koyar da yadda ake kwatanta takarda da majigi. A littafin, Shaihu Umar ne da bakinsa yake ba almajiransa labarin yadda aka raba shi da uwarsa, da yadda ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi. Murya ce ta dattijon da ya riga ya haƙura. Da Adamu Halilu ya mai da shi silima a 1976, tilas ya nuna hamada da ayari da fuskar uwar, abubuwan da littafin ya bar wa mai karatu ya zana wa kansa. Wanne ya fi taɓa zuciya, jin labarin bauta daga bakin wanda ya tsira, ko ganinta da ido? Wannan tambaya kaɗai ta isa zama guda. Silimar ma ta daɗe ba a san inda take ba, sai a 2016 aka gano ta a ma'ajiyar hukumar silima a Ikko, aka gyara ta a Jamus, aka nuna ta a Balin a 2018. Littafin kuwa duk tsawon shekarun nan yana hannun 'yan makaranta.

Ƙungiyar da ke son littafin zane na sosai wanda kuma aka yi silimarsa, ta nemi Aya, na Marguerite Abouet da mai zane Clément Oubrerie. Da Faransanci ya fara fitowa a 2005, akwai fassarar Turanci, silimarsa kuma ta fito a 2013. Labarin 'yan mata uku ne a unguwar Yopougon ta Abijan a ƙarshen shekarun 1970, ɗaya tana son zama likita, ɗaya ta yi cikin da aka jingina wa ɗan mai kuɗi. Ba yaƙi, ba yunwa, sai rigimar gida da gulmar unguwa, irin wadda mazaunin Agege zai gane nan take. Akwai shaye-shaye da yawon dare a ciki, don haka na manya ne, kuma shi ma wannan hujja ce a kan masu cewa zane na yara ne. Marubutan littafin su suka shirya silimar da kansu, saboda haka ba wanda zai ce baƙo ne ya ɓata musu aiki, duk abin da ya canja su suka ga dama.

Saura abu guda mai ɗaci. A 2017 Roye Okupe, haifaffen Ikko mazaunin Amurka, ya fitar da Malika, littafin zane na wata sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau, a 2019 kuma aka yi gajeren majigin zane da shi. Aiki ne mai kyau, ba kuma wanda ya isa ya zarge shi. Amma da Turanci ne, kamar yadda silimar Amina ta Izu Ojukwu ta 2021 take da Turanci. Littattafan zane da Hausa kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, alhali labaran suna nan jibge. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam kamar don zane aka rubuta shi, kowace haɗuwar Alhaji Imam da Malam Zurƙe shafi biyu ce ko uku.

Masu zane kuwa ba su yi wuya ba. Ikko tana da taron masu labarin zane da aka fara tun 2012, kuma a kowace unguwar Hausawa ba a rasa saurayin da ke rubuta allon shago ko ƙawata bayan babbar mota. Ƙungiya tana iya zaɓar babi ɗaya, ta raba shi hoto goma sha biyu, ta yi gardama a kan kalmomin da za su shiga da waɗanda za a bar wa hoto, ta ba yaro ya zana, a karanta a zama na gaba. In abin ya yi kyau har ana son bugawa a sayar, sai a rubuta wa kamfanin NNPC na Zariya a nemi izini tukuna.