Allura da zare sun fi jarkar fetur araha: Darasi daga masuntan Zanzibar

A gaɓar tekun Zanzibar akwai wani ɗan kwale-kwale da ake kira ngalawa. Daga gungumen itace ake sassaƙa shi, galibi na mangwaro, a ɗaura masa katako dama da hagu don kada ya kife. Ba ya shan fetur. Wani ƙyalle ne mai kusurwa uku, wanda ake kira tanga da Suwahili, ke tare iska ya tura shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wannan ƙyalle ba sai an yo odarsa daga waje ba. Ana iya ɗinka shi a tsakar gida. Mai hali ya sayi yadi mai kauri, marar hali ya farke buhunan shinkafa ya harhaɗa.

Sai dai aikin ba haɗa-haɗa ba ne. Ana yanka yadin falle-falle, a ɗan lanƙwasa gefen kowane falle, ta yadda idan an haɗa ƙyallen zai yi tumbi. Wannan tumbin ne ke riƙe iska. Ana ninka ɗinki, a ƙara faci a kusurwoyi uku inda ja ya fi tsanani, sannan a bi gefe da igiya. Wanda ya ɗinka da hannunsa, ran da ya yage ba ya jiran kowa.

A ganina, masuntanmu na tafkin Kainji da na Chadi na da abin dubawa a nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai injin kwale-kwale sai ya fara cire kuɗin fetur kafin ya san ko kamun ranar ya yi riba. Iska kuwa ba a sayar da ita, kuma teloli ba su yi mana ƙaranci ba.

Za a ce iska ba ta da alƙawari. Gaskiya ne. Haka kuma kwale-kwalenmu ba su da katakon gefe, don haka ɗaura musu ƙyalle ba tare da gyara da horo ba ganganci ne da rai. Ban ce a jefar da inji ba. Cewa na yi a gwada, a koya, a riƙa kashe inji ran da iska ta samu.

Hukumomin kiwon kifi su fara da masunta da teloli ƙalilan. Idan ta yi kyau, sauran ba sai an roƙe su ba.