Taimako daga albashi: da yayyafi kogi kan cika

Sanin kowa ne, a ƙasashen Sahel ba a cika tunawa da asusun taimako ba sai wahala ta iso bakin ƙofa. Haka aka gani a farin 1973 da 1974, haka aka gani a 1984, haka kuma aka sake gani a 2005. Sai rumbuna sun ƙare, bisashe sun fara faɗuwa, sannan a shiga kiran jama'a ta rediyo, a bi ma'aikatu da takarda kowa ya rubuta abin da zai bayar. Kafin kuɗin su taru, a sayi cimaka, a kai ta ƙauyuka, wanda ake son ceto ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe ya tafi ci-rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata dabara da wasu ƙasashe suka daɗe suna aiki da ita, wadda ta cancanci a dube ta da kyau. Ma'aikaci ne yake yarda a riƙa cire wani ɗan abu daga albashinsa kowane wata, a miƙa shi ga ƙungiyar agajin da shi da kansa ya zaɓa.

A Ingila an fara wannan tsari a shekarar 1987, zamanin ministan kuɗi Nigel Lawson. Ma'aikaci yana cika takarda sau ɗaya tak, ya faɗi nawa zai bayar, ya faɗi kuma wa za a ba. Mai biyan albashi ya cire kuɗin, ya aika su ga wata ƙungiya da hukumar haraji ta amince da ita, ita kuma ta raba su ga masu agajin da aka ambata. Ana cire kyautar ne kafin a lissafa harajin albashi. Ke nan wanda harajinsa kashi 20 cikin 100 ne, idan ya ba da fam 10, fam 8 kaɗai ke raguwa a aljihunsa. Sauran fam 2 gwamnati ce ta yafe daga rabonta. Da farko doka ta tsaida iyaka, fam 120 a shekara. An yi ta ɗaga iyakar har aka soke ta a shekarar 2000. Daga farawa zuwa yau, abin da aka tara ta wannan hanya ya wuce fam miliyan dubu 2.

Amfanin tsarin ba a yawan abin da mutum guda ya bayar yake ba, a dorewarsa yake. Gidan marayu ko ƙungiyar makafi da ta san abin da zai shigo mata kowane wata tana iya ɗaukar malami, ta yi odar magani, ta sayi hatsi da kaka lokacin da yake da araha. Wadda ke jiran kyautar bazata kuwa, kullum a tsadar bazara take saye. Lissafin ba shi da wuya. Idan ma'aikata 1000 suka yarda da dala 100 kowannensu, wato tamma 500, a wata guda an sami jika 500, a shekara miliyan 6 na sefa, ba tare da an buga ganga ko an yi taro ba.

Amma tsarin yana da nasa rauni, kuma Ingila ba ta ɓoye shi ba. Doka ba ta tilasta wa mai kamfani ya buɗe wa ma'aikatansa wannan hanya ba, saboda haka kamfanoni da yawa ba su damu ba, kuma masu bayarwa tsiraru ne cikin ma'aikatan ƙasar. Bugu da ƙari, ranar da mutum ya canja wurin aiki, kyautarsa ta tsaya, sai in ya sake cika takarda a sabon wurin. Masu shiga tsakani su ma sukan riƙe wani ɗan kaso na ɗawainiyarsu.

Darasin da ya fi nauyi daga Amurka ya fito. A can shugaba John Kennedy ne ya kafa tsarin tara taimako na ma'aikatan gwamnatin tarayya a shekarar 1961. Da aka ga yadda kunya da tsoro ke sa ƙaramin ma'aikaci ya ba da abin da bai yi niyya ba, sai aka rubuta a cikin ƙa'idojin tsarin cewa shugaba ba zai nemi kyauta daga waɗanda ke ƙarƙashinsa ba, ba kuma za a ce lalle sai kowa ya bayar ba. A Amurkan ne kuma William Aramony, shugaban babbar ƙungiyar United Way wadda ke tara kuɗi daga albashin ma'aikatan kamfanoni, ya sauka daga muƙaminsa a 1992 bisa zargin almubazzaranci da dukiyar ƙungiyar. A 1995 kotu ta same shi da laifin zamba, ta ɗaure shi shekara 7. Mutum guda ya ci amana, masu bayarwa da yawa suka janye hannu, mabukata suka sha wuya.

Idan har za a gwada irin wannan tsari a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, to sai a tuna masu albashi a Nijar ƴan kaɗan ne, kuma bayan kowane albashi akwai baki da yawa: iyali, iyaye a ƙauye, ƙanne a makaranta. Kafin kuɗin su zo hannu, an riga an cire lanho da na fansho. Wanda yake cikin wannan hali ba a saka masa hannu a aljihu da sunan alheri. Saboda haka sharuɗɗa uku ne ba makawa.

Na farko, yarda. Ma'aikaci ya sa hannu da kansa, ya zaɓi adadin da ƙungiyar, kuma ya iya dakatarwa duk watan da ya ga dama. Kada a manna sunayen waɗanda ba su bayar ba a bangon biro. Abin da aka cire ba da yardar mai shi ba haraji ne, sai a kira shi da sunansa.

Na biyu, lissafi a fili. Adadin ya fito a takardar albashi, kuɗin su isa wurinsu cikin wa'adin da aka tsaida, kuma kowace shekara a buga abin da ya shigo da abin da aka yi da shi, da Faransanci da harsunan ƙasa, domin wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci shi ma ya karanta ya gane.

Na uku, a raba hannun da ke cirewa da hannun da ke kashewa. Ƙungiyoyin ƙwadago su sami wakilai cikin masu sa ido, kuma duk ƙungiyar agajin da ta kasa kawo lissafinta a cire ta daga jeri.

Magabata da shugabannin kamfanoni su ne ya kamata su fara da nasu albashin, ba tare da shela ba. Ma'aikaci ba ya ƙin taimakon ɗan'uwansa. Abin da yake so shi ne a tambaye shi kafin a cire, a kuma nuna masa inda dalarsa ta tafi.