Amanar Littafi Ko Amanar Tarihi: Raddi Ga Masoya Labaran Yaƙin Sararin Samaniya

Gabatarwa

A da, idan aka ambaci ƙagaggen labarin kimiyya, wato labarin jiragen sararin samaniya da halittun wasu duniyoyi da makaman da ba a ƙera ba tukuna, akan ɗauka hira ce ta Turawa da 'yan tsirarun 'yan boko. Yanzu kuwa wayar hannu da masu fassara finafinai sun kawo shi har tsakar gida. A nan Garki ma akwai samari da 'yan mata, cikinsu har da ɗalibanmu, waɗanda suka san sunayen jarumawan waɗannan labarai kamar yadda iyayensu suka san Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wannan ba abin ƙi ba ne, domin karatu ko na mene ne ya fi zaman banza.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ra'ayi da suka aro daga takwarorinsu na Amurka ba tare da sun auna shi ba. Ra'ayin shi ne, duk fim ɗin da aka baddala daga littafi ma'auninsa ɗaya ne tak, wato riƙon amana: in ya bi littafin sau da ƙafa ya yi kyau, in ya saɓa ya ci amana. Babban misalin da suke kafa hujja da shi kuwa shi ne Starship Troopers. Ni a ganina wannan ma'auni gurgu ne, kuma ga Bahaushe, wanda tarihinsa ya san bakin bindiga ta ɓangaren da harsashi ke fita, gurguncin yana da haɗari.

Littafin da fim ɗin

Robert Heinlein ya wallafa Starship Troopers a 1959, littafin ya kuma ci kyautar Hugo a 1960. Labarin wani saurayi ne, Juan Rico, wanda ya shiga soja ya tafi yaƙi da wasu halittu masu siffar ƙwari a wasu duniyoyi. Amma yaƙin ba shi ne ƙashin bayan littafin ba. Jigonsa na siyasa ne: a duniyar da Heinlein ya zana, babu mai 'yancin jefa ƙuri'a ko riƙe muƙami sai wanda ya gama yi wa ƙasa hidima, kuma hidimar da mai karatu yake gani da idonsa ta soja ce. Babi bayan babi malamai da hafsoshi suna yi wa Rico wa'azi kan wannan tsari, da kan amfanin bulala a bainar jama'a, da kan cewa ƙarfi shi ke yanke hukunci a tarihi. Heinlein tsohon hafsan sojan ruwa ne da aka sallama a 1934 saboda tarin fuka, bai taɓa shiga fagen fama ba, kuma ya rubuta littafin ne cikin fushi da shawarar dakatar da gwajin makaman nukiliya da gwamnatin Amurka ta yanke a 1958.

A 1997 Paul Verhoeven ya mai da littafin fim. Shi mutumin Holan ne, an haife shi a 1938, ya yi ƙuruciyarsa a birnin Hague lokacin da sojojin Hitila suke mamaye da ƙasar, bama-bamai suna sauka kusa da gidansu. Da shi da marubucin fim ɗin, Edward Neumeier, sai suka ɗauki wa'azin Heinlein suka juya shi ya zama zambo. Suka sa wa hafsoshi tufafi irin na 'yan Nazi, suka cusa tallace-tallacen farfagandar gwamnati a tsakanin fitowa da fitowa, har da inda ake nuna yara suna tattake kyankyasai don su ma su ba da tasu gudummawar yaƙi. Suka kuma bar wata 'yar alama cewa mai yiwuwa mutane ne suka fara kutsawa ƙasar ƙwarin. Masoya littafin suka yi ca, suka ce an ci amana, kuma wannan kuka nasu ne yaranmu suke maimaitawa har yau.

An bar jaki ana dukan taiki

Bari mu duba abin da ake kukan a kansa. Babban ƙorafin shi ne an cire sulken ƙarfe mai inji wanda sojojin littafin suke sawa su yi tsallen gine-gine. Wato dai abin da ya dami mai ƙorafin shi ne kayan wasan da aka hana shi gani, ba tambayar da littafin ya ɗora ba, wadda ita ce: wa ya cancanci ya yi mulki, mai bindiga ko mai ƙuri'a?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, balle a Garki, inda hedkwatar tsaro da ma'aikatar tsaro ta ƙasa suke zaune. Sojoji sun mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka dawo a ƙarshen 1983, ba su tafi ba sai 1999, kusan shekara 29 ke nan. Gwamnatin soja ce ta dawo da fadar mulki Abuja a watan Disamba na 1991, kuma ita ce ta soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Mun ga bulalar soja a layin mota da bakin ofis a 1984, da sunan yaƙi da rashin ɗa'a. Abin da Heinlein ya yi mafarkinsa a kan takarda, mu mun ɗanɗana wani abu mai kama da shi a jikinmu.

Masu kare littafin za su ce ban yi adalci ba, domin a tsarin Heinlein soja ba ya jefa ƙuri'a sai ya tuɓe kaki, kuma hujjarsa ita ce wanda ya sa ransa a haɗari don jama'a ya fi kowa sanin darajarta. Na yarda haka littafin ya ce. To amma mu ma mun ga masu tuɓe kaki su sa babbar riga, kuma ba mu ga shaidar cewa barikin soja makarantar adalci ce ba. Akwai jarumi a cikinsu, akwai azzalumi, kamar yadda yake a kowace sana'a. Sadaukarwar ƙaramin sojan da ke kwana a dajin Sambisa abin girmamawa ce, amma ba ita ce za ta ƙwace wa manomin Bama ko mai sayar da ƙosai a kasuwar Garki 'yancinsu na zaɓe ba. Darakta da ya ɗauki irin wannan littafi ya miƙa wa miliyoyin 'yan kallo ba tare da ya ce uffan ba, ya riƙe amanar marubuci ɗaya ne, ya ci ta sauran jama'a.

Su wane ne ƙwarin?

Akwai abu na biyu wanda ya fi wannan zafi. Duk labarin yaƙin sararin samaniya yana raba halitta gida biyu: masu na'ura da ke saukowa, da waɗanda ake saukar wa. Ɗan kallo kan ɗauki kansa a ɓangaren masu na'ura. To amma a tarihi a wane ɓangare muka kasance?

H. G. Wells, wanda ya buɗe wannan fage da The War of the Worlds a 1898, ya san amsar. A babin farko ya gargaɗi 'yan'uwansa Ingilishi da kada su yi saurin la'antar halittun duniyar Mas da suka far musu, su tuna da yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya. Nufinsa shi ne Ingila ta ji a jikinta abin da take yi wa wasu. Shekara biyar kacal bayan fitowar littafin, a watan Fabrairu na 1903, igwa da bindiga mai ruwa suka fasa Kano. A watan Maris Sakkwato ta faɗi. A watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa. A 1906 talakawan Satiru, masu gatari da fartanya, suka fatattaki rundunar farko da aka tura musu, sai aka komo da bindiga mai ruwa aka kashe kimanin mutum 2,000, aka shafe garin. Waɗanda suka danna kunamar ba su ɗauki mutanen Satiru da wata daraja da ta wuce ta ƙwari ba. Saboda haka duk lokacin da jikan waɗannan mutane ya zauna yana tafi don an buɗe wa halittu marasa suna wuta, ya kamata ya tambayi kansa wa yake yi wa tafin.

Ba kowace saɓawa ce abin yabo ba

Kada mai karatu ya zaci ina cewa darakta ya yi abin da ya ga dama. Saɓa wa littafi iri biyu ce. Akwai ta mai gudun tambayar littafi, akwai ta mai amsa ta. Lokacin da aka yi fim ɗin littafin Wells a 1953, da kuma wanda Steven Spielberg ya yi a 2005, an kwashe labarin daga Ingila an kai Amurka, an kuma yar da kwatancin nan na mulkin mallaka. Wannan gudu ne. Haka ma littafin Dune na Frank Herbert, na 1965, cike yake da kalmomin Larabci irin su Mahadi da jihadi, amma finafinan Denis Villeneuve na 2021 da 2024 sun riƙe ta farko sun kauce wa ta biyu. A gefe guda kuma Villeneuve ya sake halin Chani, ya mai da ita mai shakkar da'awar Mahadin, don gargaɗin Herbert game da bin shugaba ido rufe ya fito fili. Wannan amsa ce. A fim ɗaya ke nan an sami iri biyun.

Ma'aunin da ya dace ke nan: shin darakta ya fahimci abin da littafin yake jayayya a kai, kuma ya fuskance shi? Su kansu marubuta haka suke yi wa juna. Joe Haldeman, wanda ya yi yaƙin Biyetnam har aka yi masa rauni, ya fitar da The Forever War a 1974, labarin sojan da yake dawowa gida ya tarar ƙarnuka sun shuɗe, ba wanda ya san shi, daga ƙarshe kuma a gano rashin fahimta ce ta haddasa yaƙin tun farko. Manazarta da yawa suna karanta shi a matsayin martani ga Heinlein, kuma babu mai kiran wannan cin amana.

Mu ma muna da namu

Abin takaicin shi ne muna ta musu kan gonar wani, tamu ta yi saura. Adabinmu bai taɓa ɗaukar kwafa a matsayin gwaninta ba. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma sai da ya sake musu suna da gari da hali har suka zama 'yan gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi ta hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay ya zama wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Hanyar a buɗe take tun tuni. Abin da ya cushe ta shi ne wankiya, wato ɗauko fim ɗin Indiya a sa masa hula da mayafi, wadda ita ce riƙon amana a mafi munin kamarsa.

Ga littattafai uku da suka isa su gwada basirar duk wani darakta na Kano ko Kaduna ko Jos. Na farko Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, inda yaro Kilba ya yi yawon sararin samaniya tare da baƙon wata duniya. Shi kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa Hausa ba ta iya ɗaukar labarin kimiyya. Na biyu Ganɗoki na Bello Kagara, daga gasar 1933, labarin mayaƙin da ya kara da Turawa, ya faɗa duniyar aljanu, ya dawo ya sasanta da sabon zamani. An rubuta shi ne ƙarƙashin idon hukumar mulkin mallaka, don haka duk wanda zai mai da shi fim a yau dole ya yi jayayya da ƙarshensa, in ba haka ba ya zama kakakin Lugga. Na uku Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, na 1982, wanda ya bi sawun Mailoma, tsohon sojan yaƙin basasa da ya koma jagoran 'yan ta'adda. Ba labarin kimiyya ba ne, amma tambayar Haldeman ya yi da harshenmu, wato ina mayaƙi da makaminsa suke zuwa bayan yaƙi, kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina sun nuna tambayar ba ta tsufa ba.

Za a ce babu kuɗin jirage da halittu. Amma kwamfuta ta rage wannan tsada ƙwarai, kuma ƙasar da ta mallaki tauraron ɗan'adam tun 2003 bai kamata ta ce sama ta yi mata nisa ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne karatu da ƙarfin hali.

Kammalawa

Kirana ga ɗalibanmu masu sha'awar waɗannan labarai shi ne su ci gaba da karatu da kallo, amma su daina aron fushin wasu, domin kayan aro ba ya rufe katara. Idan fim ya saɓa wa littafi, kada su tsaya lissafin sulken da aka cire. Su tambaya wace magana aka cire, wace aka ƙara, kuma wa ta amfana. Mu kuma malamai, wajibi ne mu shigar da nazarin baddala littafi zuwa fim cikin darussanmu, mu ajiye Dembo kusa da Wells, mu ajiye Gagare kusa da Haldeman, mu bar ɗalibai su yi hukunci da tarihinsu a hannu. Wanda kakanninsa suka tsaya gaban bindiga mai ruwa yana da abin da zai faɗa wa duniya game da yaƙin masu na'ura da marasa ita, kuma in bai faɗa da bakinsa ba, wasu za su ci gaba da faɗa masa, shi yana tafi.